Dakta Yusufu Bala Usman (1945–2005): Masanin Tarihin Katsina da Bin Diddigin Asali

A ƙasar Hausa tambayar asali ba ta tashi a banza. Takan taso lokacin neman aure, ko lokacin da sarauta ta faɗi, ko ranar da 'yan'uwa suka gurfana gaban alƙali a kan iyakar gonar da kakansu ya bari. A irin waɗannan lokuta ne ake neman tsoho mai riƙe da sunaye, a kuma shiga tonon adaka da gafaka ko za a dace da wata 'yar takarda. Sau da yawa abin da tsoho ya faɗa da abin da takarda ta nuna ba sa zuwa daidai, sai a rasa wanda za a kama. Daga cikin 'yan Arewa da suka ƙarar da rayuwarsu wajen koyar da yadda ake auna waɗannan shaidu biyu, da wuya a sami wanda sunansa ya fita kamar marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Sashen Tarihi, Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Jama'a sun fi saninsa da siyasa da kaifin harshe a fagen muhawara, amma tushen wannan duka shi ne aikin da ya yi a kan tarihin ƙasar Katsina, wato ƙasar da kakansa ya mulka.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Yusufu Bala Usman a garin Musawa, cikin Lardin Katsina na wancan lokaci, a shekarar 1945. Ta wajen uba jika ne ga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu shekara guda kafin haihuwarsa. Mahaifinsa ya riƙe sarautar Durɓin Katsina, kuma ɗan'uwa ne ga Sarki Usman Nagogo da ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981. Mahaifiyarsa kuwa 'ya ce ga Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya zauna a gadon Dabo daga 1926 zuwa 1953. Gidajen nan biyu duka na Sulluɓawa ne. Ke nan yaron ya buɗe ido ne a wurin da ake jin asali kullum a bakin maroƙa da makaɗa, ana jero sunayen kakanni ana yi musu kirari.

Sai dai a tarihin gidansu na Katsina akwai wani abu da kirari ba ya tsayawa a kansa. Tun daga jihadi, a wajen 1807, zuriyar Malam Ummarun Dallaje ce ke riƙe da sarautar Katsina, har kusan shekara ɗari. Bayan da Gwamna Lugga ya shiga birnin a 1903, Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, sannan a 1906 suka tuɓe shi shi ma. Daga nan sai suka ɗauko Durɓi Muhammadu Dikko, wanda ba Badallaje ba ne, suka ɗora shi a karaga. Baturen da ya fi tsayawa a kan wannan al'amari shi ne Richmond Palmer. Wato hawan gidansu kan sarautar Katsina abu ne da aka yanke a ofis, aka rubuta a fayil, kuma fayilolin suna nan a ajiye. Ɗan irin wannan gida idan ya zama masanin tarihi, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya rubuta abin da zai daɗaɗa wa fada. Bala Usman ya bi wata hanyar dabam, kuma ta jawo masa saɓani da mutane da dama waɗanda a al'ada nasa ne.

Neman Ilimi

Ya fara karatun firamare a Musawa, ya ci gaba a Kankiya da Minna, sannan ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Kaduna. Daga can ya wuce Ingila, inda ya sami digirin farko a fannin tarihi da kimiyyar siyasa a Jami'ar Lancaster a 1967. Da ya dawo gida sai ya kama aikin koyarwa a Kwalejin Barewa da ke Zariya, ya yi shekara huɗu yana koyar da tarihi kafin ya koma Jami'ar Ahmadu Bello.

A jami'ar ya faɗa hannun Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya zama ɗan Nijeriya, wanda ya kafa Sashen Tarihi, kuma ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Smith ya riga ya fara nuna shakku a kan ɗaukar labarin Bayajida a matsayin bayanin yadda daulolin Hausa suka kafu. A ganinsa birane da sarautu sun tsiro ne a hankali daga ƙauyuka da kasuwanni da wuraren tsafi da ƙaurar jama'a, ba daga zuwan wani baƙo guda ɗaya ba. Ɗalibinsa ya ɗauki wannan tunani ya gwada shi a kan Katsina, gari-gari, gida-gida. Ya kammala digirin digirgir a 1974. Kundin ya tsaya a 1903, shekara uku kafin naɗin kakansa. Littafin da ya fito daga cikinsa a 1981, mai suna The Transformation of Katsina, ya ɗauko labarin tun daga wajen 1400 ya ajiye shi a 1883.

Yadda Ya Auna Shaidu

Abin da ya fi cancanta ɗalibi ya lura da shi a wannan aiki shi ne irin kayan da aka gina shi da su. A farkon shekarun 1970 Bala Usman ya zagaya garuruwan Katsina yana zama da tsofaffi da malamai da masu sarauta da masu sana'a. Ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Katsina na kafin jihadi suka koma, domin ya ji labarin daga bakin waɗanda aka kora, kada ya tsaya ga na waɗanda suka yi kora. Ya duba kufai da ganuwoyi da makabartu irin na Durɓi ta Kusheyi. Ya karanta jerin sunayen sarakuna da wasiƙun Larabci, sannan ya zauna a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna yana bin rahotannin Razdan da na Di'o, da bayanan gundumomi, da takardun kimanta haraji.

Tara kaya abu ne da kowane mai ƙwazo zai iya. Inda ya yi fice shi ne tambayoyin da yake yi wa kowace shaida kafin ya yarda da ita: wa ya faɗa ko ya rubuta, yaushe, a gaban wa, kuma me zai samu ko ya rasa idan aka gaskata shi. Dagacin da ke gaya wa Di'o cewa kakansa ne ya sari garin ya san cewa amsar za ta iya tabbatar da rawaninsa ko ta warware shi. Di'on da ke rubutawa ta bakin tafinta yake ji, kuma haraji ne a ransa. Tsohon da ke ba da labari a zauren hakimi ba zai faɗi abin da zai faɗa a zaurensa ba. Duk waɗannan shaidu ne masu amfani, muddin an san ta inda kowanne ya karkata. Bala Usman bai fifita takarda a kan baka don kawai takarda ce ba. A wurinsa rahoton Bature na 1910 sau da yawa labarin baka ne da aka rubuta cikin gaggawa, don haka yana buƙatar tankaɗe kamar kowane labari.

Ya nuna wannan a fili a wata maƙala da ya yi a kan Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da ya yi amfani da sunan Abdulkarim, wanda ya sauka Katsina a 1851 ya kuma sake biyowa a 1853, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Marubuta da dama sun ɗauki bayanin Barth tamkar gani da ido wanda ba ya karɓar gardama. Shi kuwa sai ya bi diddigin kwanakin da mutumin ya yi, da mutanen da ya yi hulɗa da su, da ra'ayoyin launin fata da ya taho da su daga Turai, ya nuna yadda duk suka shiga cikin abin da ya rubuta. Haka kuma ya yi wa Palmer, wanda bayan aikin mulki ya tattara labarun gargajiya ya buga su a 1928, yana danganta kusan kowace sarauta da zuwan wasu baƙi daga gabas ko arewa. Baturen da ya ɗaga gidan Dikko, jikan Dikko ne ya zo ya warware masa saƙar tarihinsa.

Abin da Binciken Ya Fito da Shi

Babban sakamakon aikin shi ne cewa raba mutanen Katsina gida biyu, Haɓe da Fulani, ba ya bayyana abin da ya faru. Ya soki M. G. Smith da wasu masana a kan wannan tun a shekarun 1970. Ya nuna cewa tsarin sarauta da ya kafu tun zamanin Muhammadu Korau ya haɗa jama'a iri-iri: manoma da maƙera da fatake da malamai, da Wangarawa da Barebari da Buzaye da Fulani, kowa da lokacin zuwansa da unguwar da ya sauka. Da jihadi ya zo ƙarƙashin jagorancin Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji, rabuwar ba ta bi layin harshe ko jini sak ba. Akwai Hausawa a cikin jama'ar Shehu, akwai kuma malamai da suka ƙi. Misalin da ya fi fitowa shi ne 'Yandoto, tsohon garin malamai a kudu maso yammacin ƙasar Katsina ta da, wanda yau yake cikin Jihar Zamfara kusa da Tsafe. Malamanta da yawa ba su amsa kiran ba, har Muhammadu Bello ya kai mata yaƙi.

Wannan yana da muhimmanci ga mai neman asalin gidansu. Sunan da iyali ke kiran kansu da shi yau, ko Bakatsine ko Bagobiri ko Bazamfare ko Bafillace, yana iya kasancewa sunan garin da aka baro ne, ko na sarkin da aka bi, ko na sana'ar da aka riƙe, ba lalle na jini ba. Mutane sun yi ƙaura, sun yi auratayya, sun sauya harshe da tsaga. Wanda ya shiga bincike da niyyar tabbatar da labarin da ya taso yana ji, to, ya shirya wa abin da zai ba shi mamaki.

Kudancin Katsina: Gona, Kotu da Takarda

Babu inda wannan darasi ya fi zama a zahiri kamar kudu maso yammacin Katsina, wato yankin Kankara da Faskari da Sabuwa, inda Daudawa take. Yankin yana da tsofaffin mazaunai irin su Pauwa da Birnin Kogo, ga Maska daga gefe. A ƙarni na 19 kuwa ya sha fama da hare-hare, domin mayaƙan Maraɗi sukan biyo ta dajin Rugu su faɗo wa garuruwa. Wurare da dama sun tashi, daji ya cinye gonaki. Da yaƙe-yaƙe suka lafa a farkon ƙarni na 20, sai jama'a suka riƙa kwararowa daga arewacin Katsina da Kano da ƙasar Sakkwato suna saran daji, saboda ƙasar laka ce mai karɓar auduga da dawa. Jirgin ƙasa ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, kuma a cikin waɗannan shekaru ne Turawa suka kafa gonar yaɗa irin auduga a Daudawa. Saboda haka gidaje masu yawa a yankin, idan aka ƙirga baya, kaka na uku ko na huɗu daga wani wuri ya taho, kuma haƙƙinsu a kan gona ya samo asali ne daga ranar da ya sa gatari.

Mai son bin sawun irin wannan kaka ta hanyar da Bala Usman ya koyar, abu na farko da zai sani shi ne inda takardun suka warwatsu. Masarautar Katsina ta zauna ƙarƙashin Lardin Kano har 1926, aka mayar da ita Lardin Zariya, sannan ta zama lardi mai zaman kansa a 1934. Don haka labarin gunduma ɗaya yana iya rabuwa cikin tarin fayiloli uku a Kaduna. Abu na biyu shi ne sanin abin da kowace takarda take gani da abin da ba ta gani. Takardar haraji magidanci take ƙirgawa. Matansa da ƙannensa da barorinsa adadi ne kawai a gefen sunansa. Kundin alƙali ya fi ta baki. Tun bayan dokar kotunan gargajiya ta 1906 aka matsa wa alƙalai su riƙa rubuta shari'u, galibi da Larabci a farko, kuma a nan ne ake cin karo da mata suna neman saki ko sadaki ko rabonsu na gado. Shari'ar gado takan jero magada da dangantakarsu da mamaci ɗaya bayan ɗaya, abin da babu wata takarda da ke yi. Shari'ar iyaka kuwa takan ambaci maƙwabta ta gabas da yamma, da bishiyar ɗorawa ko tsamiya ko rafin da aka yi shaida da shi. Amfanin irin waɗannan kundaye ya bayyana sosai a 1994, lokacin da Allan Christelow ya buga zaɓaɓɓun shari'u daga majalisar Sarkin Kano Abbas.

Akwai tarko da yawa. Bahaushen wancan zamani ba shi da sunan iyali da ke bin zuriya. Mutum ɗaya zai fito da sunan yanka a kundin alƙali, da laƙabi a takardar haraji, da sunan sana'a ko na garinsu a bakin jikokinsa, ga kuma alkunya da ke hana uwa ko matar aure faɗin wani suna. Kwanan wata a kundin alƙali na Hijira ne, na Di'o kuma na Miladiyya. Sannan doka da aiki sun sha bamban. Dokar filaye ta 1910 ta sanya ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, kuma a ra'ayin Turawa manomi ba ya sayar da gona. Amma Polly Hill, da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta tarar cinikin gona abu ne da aka saba. Ke nan gonar da iyali ke kira ta gado tana iya zama ta saye ko ta jingina ko ta aro da aka manta da mai ita, kuma rashin takarda ba ya nuna ba a yi ciniki ba.

Wani abin da mai bincike kan iya tararwa shi ne sunan kakansa a rajistar bayin da aka 'yanta. Dokar 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, manya kuma suka riƙa fansar kansu ta hannun alƙalai, har aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Gidaje da yawa sun binne wannan babi, wasu ma sun ɗauki asalin iyayen gijinsu. A mizanin karatun da Bala Usman ya koyar, wannan shaida ce ta yadda aka gina al'umma da gumin wa aka noma gandaye, kuma tana da daraja daidai da jerin sunayen sarakuna.

Daga Aji Zuwa Fagen Siyasa

Zamanin Janar Murtala Muhammed ne ya fito da shi fili. Yana cikin mutum 49 da suka yi aikin tsara daftarin kundin tsarin mulki daga 1975 zuwa 1976 ƙarƙashin Rotimi Williams. Shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi amincewa da rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu, suna ganin daftarin ya kare masu hannu da shuni ya bar talaka. Gwamnati ba ta yi aiki da nasu ba. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga tafiyar jam'iyyar PRP, har ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina.

A nan ne karatunsa na takardun ƙasa ya haɗu da rayayyun manoma. Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, matakin da ya rage wa hakimai da dagatai ƙarfi ƙwarai. Gwamnatin ta kuma kafa hukumar binciken filaye domin sauraron koken waɗanda aka karɓe wa gonaki. Lokacin ya dace da matsalar, domin dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta mayar da filaye hannun gwamnoni, kuma wanda ya san hanyar ofis yana iya fitowa da takardar mallaka a kan gonar da wani ya gada ba tare da ko ƙyallen takarda ba. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, ya shafi gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Kankara da Faskari, ya kuma ƙara wa gona daraja a idon 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. A watan Afrilu na 1980 aka ga iyakar abin da rikicin gona ke iya haifarwa, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori a Jihar Sakkwato ta lokacin, waɗanda ke neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya ci. Bala Usman yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata don kada maganar ta bi ruwa. Majalisar jiha ta tsige Balarabe Musa a watan Yuni na 1981, kuma da yawa daga abin da aka faro bai kai gaci ba.

Bayan ya koma jami'a bai sassauta ba. Ya yi rubutu a kan bashin ƙasashen waje da sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya, sannan a 1987 ya fitar da littafi a kan yadda masu mulki da masu kuɗi ke amfani da addini don raba kan talakawa. Shi da abokansa sun fitar da mujallar Analyst da Turanci da kuma Fitila da Hausa. A 1989 gwamnatin soja ta Janar Babangida ta raba shi da aikinsa na jami'a. Ya kai ƙara kotu, ya yi nasara, ya koma aji.

Shekarunsa na Ƙarshe

A shekarun 1990 da farkon 2000 rikicin ɗan ƙasa da baƙo ya yi ƙamari, daga Zangon Kataf a 1992 zuwa Jos a 2001, kuma kowane ɓangare da tarihin da yake kafa hujja da shi a kan wanda ya riga zuwa. Daga cibiyar bincike ta CEDDERT da suka kafa a Zariya, Bala Usman ya mayar da hankali kan wannan. Shi da Alkasum Abba sun buga littafi a 2000 suna jayayya da masu cewa Nijeriya tarin ƙabilu ne daɗaɗɗu da Turawa suka ɗaure da igiya. Hujjarsa ita ce dai wadda ya samo a Katsina: yawancin sunayen ƙabilun da ake faɗa a kansu yau sun ɗauki siffarsu ta yanzu ne a ƙarni na 19 da na 20, kuma idan aka bi kowane gida baya sosai za a tarar da ƙaura.

Ba kowa ya yarda da shi ba. Laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero ta Kano a 2001, wadda ta taɓo batun mallakar man fetur na yankin Neja Delta, ta jawo masa martani mai zafi daga Farfesa Peter Ekeh da wasu, waɗanda suka zarge shi da amfani da tarihi don raunana haƙƙin mutanen yankin. Akwai kuma masu ganin cewa zafinsa a muhawara yakan hana abokin gardama sauraron hujjar da ke ƙarƙashin zafin. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka littafinsa na Katsina ya tsaya da ƙafarsa, kuma har yau da wuya a rubuta kundin digiri a kan tarihin wata gunduma ta Katsina ba a bi ta kansa ba.

Yankin da ya yi wa wannan hidima ya sake shiga irin halin da ya bayyana game da ƙarni na 19. Daga shekarun 2010 hare-haren 'yan bindiga daga dazuzzukan yamma sun tayar da ƙauyuka a Faskari da Sabuwa da Kankara, kuma a watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara. Gonar da mai ita ya gudu ya bari shekaru, ranar komawa sai an nemi shaidu da takardu kafin a san iyakarta.

Bai riƙe muƙamin farfesa ba. Har ƙarshen rayuwarsa Dakta Bala ake ce masa. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 24 ga Satumba, 2005, yana da shekara 60. A 2006 aka tattara zaɓaɓɓun maƙalunsa na tarihi, har da wadda ya yi a kan Barth, aka buga su a littafi guda mai suna Beyond Fairy Tales. Gwamnatin Jihar Katsina ta sanya sunansa a kwalejin nazarin shari'a da ke Daura, sannan iyalinsa da almajiransa suka kafa cibiya da sunansa a Zariya domin adana rubuce-rubucensa da sake buga su.